Labarin Unguwar Parkchester Da Baƙaƙen Tukwanen Mutanen Pueblo

Zuwa ga Sarkin Zango da Limamai da Alhazai da sauran iyayenmu dattawa, da 'yan'uwanmu 'yan kasuwa maza da mata. Kun sha tambayarmu labarin unguwar nan Parkchester, wadda ku ke ganin sunanta a bayan ambulan da kan takardun aiken kuɗi, inda 'ya'yanku da jikokinku da dama su ke zaune a birnin Niyok na ƙasar Amurka. To, ga labarinta gwargwadon abin da muka gani. Za mu haɗa muku shi da labarin waɗansu baƙaƙen tukwane da mutanen da suka gina su, gama daga unguwar nan muka kama zaren labarinsu, kuma akwai magana a cikinsa wadda ta shafi kasuwarmu ta gida.

Parkchester tana gabashin Bronx, watau yankin arewa cikin yankuna 5 da aka raba birnin Niyok. In mutum ya shiga jirgin ƙasa mai lamba 6 daga tsakiyar birni, jirgin zai yi ta tafiya da shi ƙarƙashin ƙasa kamar gafiya, har ya wuce ta ƙarƙashin kogin Harlem, sa'an nan can gaba ya fito fili ya hau gadar ƙarfe, yana gudu bisa kawunan mutane. Da ka sauka tashar Parkchester ka dubi arewa, sai ka ga benaye na jan bulo sun tsaya reras, ko wane kamar ɗan'uwansa. Baƙo ba ya rasa ɓata a cikinsu ran farko.

Wani kamfanin inshora mai suna Metropolitan Life shi ya gina su tsakanin 1939 da 1942, a kan fili mai eka 129, wanda dā gidan renon marayu ne na 'yan Katolika. Benaye 171 ne, daga mai hawa 7 har zuwa mai hawa 13, a cikinsu akwai wurin zaman iyali 12,271. An shirya unguwar domin mutum wajen 40,000, ga makeken kanti na Macy's da aka buɗe a 1941, ga filayen wasan yara, ga itatuwa. Manyan hanyoyi biyu suka ratsa ta, suka gamu a tsakiya wurin wani dandali mai siffar ƙwai, inda ruwa ke tsartuwa daga wani tafki na ado, tsofaffi na zaune kan benci suna shan iska da bazara.

Amma fa ku sani, lokacin da aka gina ta ba domin irinmu aka gina ta ba. Kamfanin ya ƙi ba baƙar fata haya, ko da haifaffen Amurka ne, ko da ya yi musu yaƙin Hitila ya dawo. Haka aka zauna har 1968 kafin a buɗe ƙofa. Yau in ka tsaya bakin tasha da la'asar sai ka ga mutanen Bangaladash, da na Puerto Rico, da baƙaƙen Amurka, da namu na Gana da Nijeriya da Gambiya da Senegal, kowa da irin harshensa. Akwai wata hanya, Starling Avenue, wadda kantunan 'yan Bangaladash suka cika har hukuma ta ƙara mata suna Bangla Bazaar, nan mu ke sayen naman halal da kifi da barkono. Ran Juma'a kuwa masallatai ba su ɗaukar jama'a. Zango ne sosai, abin da ya rasa Sarkin Zango.

Abin da baƙo ba ya lura da shi sai an nuna masa, shi ne abin da ke bisa ƙofofi da kusurwoyin benayen. Waɗanda suka gina unguwar sun ji tsoron kada jan bulo ya gundure ido, saboda haka suka sa aka yi mutum-mutumi na gasasshen yumɓu wajen 500, da allunan ado wajen 600, aka liƙa a bango. Ga mai kashe gobara, ga mai kiɗa, ga uwa da ɗanta, ga tsuntsaye da barewa, waɗansu an shafe su da launi mai sheƙi wanda sanyi da ƙanƙara na shekara 80 ba su kashe ba. Kada iyayenmu Malamai su ɗauka gumaka ne. Ba mai bauta musu, ba ma mai ɗaga kai ya dube su. Wani kamfanin gasa yumɓu, Federal Seaboard, shi ya gasa su, gwanayen da suka siffanta su kuwa akwai Joseph Kiselewski da Raymond Barger da Carl Schmitz da waɗansu. Ka tambayi mutum 100 masu kwana ƙarƙashin aikinsu, da wuya ka sami ɗaya da ya san sunan ko guda. A 'yan shekarun baya an ciccire waɗansu wajen gyaran bango, sai da 'yan jarida suka yi magana tukuna mutane suka fara ƙirga guraben da aka bari. Ku riƙe wannan, gama maganar suna ita ce maganar tukwanen da za mu ba ku.

In ka koma cikin jirgin nan mai lamba 6 ka ci gaba gabas 'yan tashoshi kaɗan, za ka kai Pelham Bay. A nan, bakin hanyar Bruckner, dā akwai wani babban gidan ajiya wanda galibin maƙwabtansa ba su san abin da ke ciki ba. Wani attajiri ne, George Heye, wanda aka haifa a 1874 ya mutu a 1957, ya ƙare dukiyarsa da ransa wajen tara kayan 'yan asalin ƙasar Amurka, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa bisa kuskure, don sun zaci Indiya suka iso. Ya kafa gidan tarihi a 1916, kaya suka yi masa yawa, sai a 1926 aka buɗe wannan gidan ajiya na Bronx. Abin da ya tara ya kai wajen 800,000, har da tukwane dubbai na mutanen da a ke kira Pueblo. Da yawansu an tono su ne tsakanin 1917 da 1923 a kufan wani gari mai suna Hawikku na kabilar Zuni. Garin nan yana da labari da mu, domin a nan aka kashe Estevanico a 1539, wani baƙin bawa mutumin Azammur ta ƙasar Maroko, wanda shi ne baƙo na farko daga ƙetaren teku da ya taka ƙasar Pueblo, tun Sifaniyawa iyayengijinsa suna baya.

Ba duk abin da ke gidan ajiyan nan aka samu ta hanya mai kyau ba. Akwai ƙasusuwan matattu da kayan ibadar mutane. A 1989 majalisar Amurka ta yi doka, ta mai da tarin duka hannun hukumar Smithsonian, ta kuma ce a mayar wa kabilu da ƙasusuwan kakanninsu. Daga 1999 zuwa 2004 aka yi ta kwasar kayan a manyan motoci zuwa Maryland, kusa da Washinton. Watau shekara fiye da 70 tukwanen nan suna maƙwabtaka da Parkchester cikin duhu, jikokin masu su na can nesa, mil kusan 2,000.

Mu dai mun gan su ido da ido ne a wani nuni da aka yi a babban gidan tarihi na Metropolitan, daga Yuli 2023 har Yuni 2024, jirgin nan dai mai lamba 6 shi ya kai mu kusa da ƙofa. Tukwane fiye da 100 aka jera, kuma abin da ya bambanta nunin da na dā, mutanen Pueblo da kansu, su wajen 60, su suka zaɓi tukwanen suka rubuta bayaninsu. Akwai farare masu zanen ja da baƙi, akwai jajaye, amma baƙaƙen su suka tsai da mu. Baƙi ne wuluk, yana ɗaukar ido kamar an shafa mai, alhali ba mai ba fenti. Akwai kuma irin da a ke yi wa zane baƙi a kan baƙi, wanda ba ka ganinsa sai ka karkata kai haske ya faɗa masa. Wata Hajiya mai sayar da atamfa da ke tare da mu ta ce wa mijinta, "Alhaji, ai wannan shadda ce aka yi da ƙasa." Ya ce, "Hajiya, kin faɗi gaskiya, sheƙin kuwa na rawani ɗan Kura ne da ya sha bugu." Duk wanda ya taɓa ɗaga shadda a rana don ya ga furenta ya riga ya gane tukunyar nan, gama launi ɗaya ne, wani wuri na sheƙi wani wuri a dushe, daga nan zane ya fito.

Pueblo kalmar Sifaniyawa ce, ma'anarta ƙauye. Sun kira mutanen haka ne don sun tarar da su zaune cikin garuruwa suna noman masara da wake da kabewa, ba su yawo. Yau garuruwansu 19 ne a jihar Niyu Meksiko, kudu maso yammacin Amurka, ƙasa mai tsauni da ƙarancin ruwa, galibinsu a gefen kogin Rio Grande. Gidajensu na ƙasa ne masu rufin soro, da azara a jere, in ka ga hotonsu sai ka ce wani lungu ne na Zariya ko Agadas. Bulon ƙasan da su ke gini da shi sunansa adobe, asalin kalmar kuwa Larabci ne, aɗ-ɗubu, ta bi ta Andalus ta ƙetare teku. Malamai sa duba mana ko tubalinmu ɗan gidan ne. Sifaniyawa sun mallake su daga 1598, suka matsa musu, har a 1680 garuruwan suka haɗa kai ƙarƙashin wani mutum mai suna Pope suka kore su, sai bayan shekara 12 suka komo.

Garin da ya fi suna wajen baƙar tukunya shi ne San Ildefonso, kamar mil 20 daga birnin Santa Fe. A nan aka haifi Maria Martinez wajen 1887, sunanta na gida Poveka, watau furen bado. Ta koyi ginin tukunya tun tana yarinya wurin innarta Nicolasa. Amma ta tashi ne lokacin da sana'ar ke mutuwa. Jirgin ƙasa ya iso ƙasarsu a 1880, ya kawo bokitin ƙarfe da kwanon langa masu araha waɗanda ba su fashewa, mata suka ga ba dalilin wahalar haƙar yumɓu. Kun san wannan labari, don mu da iyayenmu muka sayar da langa da fanteka da samira har suka kori ƙwarya da akushi daga ɗakin amarya, daga baya roba ta zo ta kori langa. Garin kuma ya tsiyace, ƙasarsu ta noma ta ragu, annobar mura ta 1918, wadda ta taɓa har ƙasashenmu, ta bar su ba su kai mutum 100 ba.

Maria ta auri Julian Martinez a 1904, a shekaran nan aka kai su bajen kolin duniya na St. Louis suna nuna sana'a. A 1908 wani Bature mai binciken kufai, Edgar Lee Hewett, yana tono a tudun Pajarito kusa da garinsu, Julian na cikin leburorinsa. Aka tono tsingaro na tukwanen mutanen dā, Hewett ya roƙi Maria ta gwada gina irinsu. Ta gina, Julian ya zana. Daga baya Julian ya sami aikin shara a gidan tarihi na Santa Fe, yana shara yana duban zanen tsofaffin tukwane yana kwafa a littafi. Baƙar tukunya mai santsi dai tsohuwar aba ce a yankin, maƙwabtansu na Santa Clara sun daɗe suna yin ta. Abin da mata da mijin nan suka ƙago, wajen 1919 zuwa 1920, shi ne zanen baƙi a kan baƙi.

Ga yadda a ke yin ta, don maginanmu su ji su gwada da nasu. A kan haƙo yumɓu a tudu, a shanya, a daka, a tankaɗe, a gauraya shi da tokar dutse mai aman wuta, wadda ke ƙasarsu da yawa, kamar yadda namu ke sa yashi ko dakakken tsingaro don kada tukunya ta tsage. Ba su da injin juyi. Maginiya ta kan fara gindin a cikin wani ɗan kasko, sa'an nan ta murza yumɓu kamar igiya tana ɗorawa tana lailayawa, tana kankarewa da sakaina har bangon ya yi daidai ko'ina. In ta bushe sai a goge ta, a shafa mata ruwan jar ƙasa sau da yawa. Tun ruwan bai gama bushewa ba a ɗauki wani ɗan dutse mai santsi a yi ta guga, ba tsayawa, don in ya bushe kafin a gama, aikin ya ɓaci. Nan ne wahalar ta ke, nan ne kuma kuɗin ya ke. Duwatsun gugan nan gado ne, uwa ta bar wa 'ya, ba a sayar da su. Ƙanwar Maria, Clara, ita ce ta shahara da guga cikin gidansu.

Bayan guga sai mai zane ya karɓa. Alƙalaminsa ganyen wani tsiro ne mai kama da moɗa, a tauna bakinsa ya yi gashi-gashi. Tawadarsa kuwa wani irin ruwan yumɓu ne dabam wanda ba ya sheƙi in ya sha wuta. Julian ya fi son zane biyu. Ɗaya jerin gashin tsuntsu ne a kewaye, wanda ya ɗauko daga tukwanen mutanen Mimbres na dā. Ɗayan kuwa macijin ruwa ne mai ƙaho, Avanyu, harshensa kamar walƙiya, jikinsa na lanƙwasa kamar kogi yana zagaye tukunya. Mutanen da ruwa ya yi wa wuya ba su rasa labarin maciji da ruwa, mu ma muna da na rijiyar Kusugu ta Daura.

Har zuwa nan fa tukunyar ja ce. Wuta ce ke mai da ita baƙa. Ran gashi a kan fita da sassafe, ranar da ba iska. A kafa ƙarafa a ƙasa, a kife tukwane a kai, a rufe su da gutsattsarin kwano don harshen wuta kada ya taɓa su, a jera busasshen kashin shanu kewaye kamar bango, a cusa itace ƙarƙashi a kunna. In wuta ta kama sosai tukwane suka yi zafi yadda a ke so, sai a yi maza a bunne tarin duka da niƙaƙƙen kashin doki da toka, a toshe ko wace kafa. Iska ba ta shiga, hayaƙi ba ya fita. Hayaƙin ya shige jikin yumɓu, tamar da ke cikin jar ƙasa kuma ta juye baƙa don rashin iska. Inda aka goge ya fito da sheƙi, inda aka zana ya fito a dushe. In iska ta sami kafa ko ƙanƙanuwa, wurin sai ya fito da jan tabo, aikin makonni ya tafi. Matan Kpando da na Pankrono kusa da Kumasi sun san wannan hikima, da hayaƙi su ma su ke baƙanta asanka, namu na Arewa kuma su kan yayyafa ruwan makuba a kan tukunya tana da zafi. Hikimar hayaƙi ba baƙuwa ba ce wurinmu. Bambancin yana wajen haƙurin guga, da abin da aka yi bayan an sauke tukunya daga wuta.

Abu na farko, Maria da Julian ba su ɓoye asirin ba. Cikin 'yan shekaru suka koya wa sauran gidajen garin, har San Ildefonso duka ta zama garin baƙar tukunya, kuɗin tukwane ya zo ya fi na gona. Ɗan kasuwa zai ce wannan wauta ce, ka raba wa abokan gasa jarinka. Amma ku duba lissafin. Gida ɗaya ba ya cika kasuwa, matafiyi kuma ba ya barin babbar hanya ya shiga ƙauye saboda rumfa ɗaya. Da gari ya yi suna, mai saye ya zo da ƙafarsa, wadda ta fi gwaninta kuwa ita ta fi samu. A 1922 aka fara kasuwar shekara-shekara ta kayan 'yan asalin ƙasa a Santa Fe, ana ba da lada ga aikin da ya fi kyau, har yau tana ci ko wane watan Agusta.

Abu na biyu shi ne suna. A al'adarsu mutum ba ya fifita kansa a kan jama'a, tukunya ta gari ce, kamar yadda mu ma kunya ba ta barin mai sana'a ya yabi hannunsa. Turawan Santa Fe suka ba Maria shawara ta riƙa rubuta sunanta a gindin tukunya tun tana ɗanya, ta fara wajen 1923. Da fari Marie ta ke rubutawa, don an ce mata shi ya fi sauƙi a bakin masu saye. Daga 1925 ta ƙara sunan Julian. Da ya mutu a 1943, surukarta Santana, matar ɗanta Adam, ta karɓi zane, sunanta ya shiga. Daga 1956 ɗanta Popovi Da ya karɓa, shi ne ma ya fara ƙara wata da shekarar gashi a gindi, har ya mutu a 1971. Saboda haka yau dillali na juya tukunya ya dubi gindinta ya gaya maka zamaninta da hannuwan da suka taɓa ta. Tukunyar da aka saya dala kaɗan a bakin ƙofarta, yanzu sai da dala dubbai. Ita kanta ta rasu a 1980, bayan an yi nunin aikin zuriyarta har hawa 5 a Washinton a 1978. Da suna ya yi daraja 'yan jabu suka taso, sai a 1990 aka yi doka, duk wanda ya sayar da kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasa ne alhali ba shi ba ne, ana iya cinsa tara har dala 250,000 ko ɗaurin shekara 5.

A Santa Clara ma haka. Sara Fina Tafoya da 'yarta Margaret Tafoya, wadda ta rayu daga 1904 zuwa 2001, sun yi suna da manyan randuna baƙaƙe masu sassaƙa, da tambarin tafin wata dabbar dajinsu da Larabawa ke kira dubbu, wadda a labarinsu ita ta nuna wa mutane ruwa a shekarar fari. Gwamnatin Amurka ta ba Margaret lambar girma ta masu sana'ar gargajiya a 1984.

Sai dai kada mu ɓoye muku abin da aka biya. Baƙar tukunya mai zanen nan ba ta shan wuta mai tsanani, don zafi mai yawa yana kashe sheƙi, saboda haka ba ta riƙe ruwa, in ka zuba ma sai ka ɓata ta. Kakannin Maria sun gina tulu don a sha, ita ta gina don a ajiye bisa tebur a duba, masu sayen kuwa galibi baƙi ne. Wani dattijo cikinmu ya ce, "'Ya'yana, randar da ba ta sanyaya ruwa ai sunan randa kawai gare ta." Ba mu musa masa ba. Amma da ba a yi haka ba, da hannun da ya iya ginin ma ya tafi tare da randar, kuma a garin akwai 'yan mata har yau masu riƙe da dutsen gugan kakanninsu.

Mu ma muna da tamu Maria. Ladi Kwali, Bagwariya, an haife ta wajen 1925 a Kwali, ita ma wurin innarta ta koya. Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau yana sayen tulunanta yana ajiyewa a fada, a nan Michael Cardew ya gan su. Cardew ɗin nan ya fara aiki ne a ƙasarmu, a Achimota daga 1942, sa'an nan a Vume bakin kogin Volta, kāna ya koma Abuja ta dā, wadda a ke kira Suleja yanzu, ya buɗe makarantar ginin tukwane. Ladi ta shiga a 1954, mace ta farko, tana buga harufa biyu na sunanta a jikin aikinta. Ta kai Ingila, ta zaga Amurka a 1972, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, hotonta na bayan takardar naira 20. Malamin Cardew kuwa, Bernard Leach, ya je har San Ildefonso a 1952 ya ga Maria tana gashi. To, bayan Ladi, sunan maginiya nawa za mu iya kawowa? Mun iya kiran kaya da sunan gari, mu ce rawani ɗan Kura, goron Gwanja, hular Bama. Nan mu kan tsaya, ba mu kaiwa ga hannun da ya yi.

A kantunan kayan Afirka na Bronx ana sayar da asanka, baƙa, wadda aka ɗauko daga gida cikin kwantena tare da gari da manja da busasshen kifi. Mun juya gindin da yawa, ba mu ga komi ba. Tana nan a ƙasan kanta kamar mutum-mutumin bangon Parkchester, aikin hannu mai kyau wanda ba a san mai shi ba, kuɗinta kuwa galibinsa na jirgi ne da na mai kanti. Mun san abin da za ku ce, mai sayen asanka barkono zai niƙa, ba ruwansa da suna. Mun san kuma ɗan kasuwa ba ya son nuna inda ya ke saro kaya. Amma a nan akwai masu saye iri biyu. Akwai matanmu masu neman abin niƙa, akwai kuma 'ya'yanmu haifaffun nan da baƙaƙen Amurka da Turawa, waɗanda abin da su ke fara tambaya shi ne wa ya yi, a wane gari, kuma su ne masu biya ba ciniki.

Saboda haka muna roƙon Sarkin Zango da dattawa su sa baki, masu aiko da kaya su gwada abu guda a lodi mai zuwa. Ku zaɓi maginiya ɗaya ko biyu waɗanda hannunsu ya fi kyau, ku ƙara musu kuɗi a kan tukwane kaɗan don su ƙara guga, su buga wata alama tasu a gindi tun yumɓu na ɗanye, ko da zanen kara ne in ba su yi boko ba. Ku rubuto sunanta da garinta da wanda ya koya mata a 'yar takarda, ku naɗe ko wace tukunya dabam cikin tsumma, kada a cusa ta tsakanin galan na manja. Mu a nan za mu kai wa masu kanti, mu rubuto muku abin da aka saya da kuɗin da aka biya, ko da riba ko babu. Wanda kuma ya san wata tsohuwar maginiya a unguwarsu ko ƙauyensu, ko ta daina aiki, ya ba Magatakardan ƙungiya sunanta a shigar a littafi.

Wanda Allah ya kawo shi Niyok cikinku yana son ya ga kayan 'yan asalin ƙasar da idonsa, wani sashe na tarin Heye yana tsohon gidan kwastan na Bowling Green, can ƙarshen kudu na Manhattan bakin ruwa, tun 1994. Daga Parkchester sai ya shiga lamba 6, ya sauka hanya ta 125, ya canja zuwa lamba 4 ko 5. Ba a biyan ko kwabo a ƙofa. Ya sa takalmi mai daɗin tafiya, in da hunturu ne kuma ya ari babbar kwat wurin ɗansa. A gai da mutanen gida duka, manya da yara. Haza wasalam.